Akwatin Taku: Tarihin Fedar Jita da Masu Haɗa Ta a Gida

Fedar jita ƙaramin akwati ne na ƙarfe, galibi bai fi tafin hannu ba, da ake ajiyewa a ƙasa tsakanin jitar lantarki da amfilifaya. Waya ɗaya ce ke shigo da sautin jitar, wata ta fitar da shi. A saman akwatin akwai maɓalli da makaɗi ke takawa da ƙafa, tunda hannayensa biyu suna kan tsirkiya. Da ya taka, sai muryar jitar ta sauya: ta yi kaushi, ko ta yi rawa, ko ta riƙa amsa kuwa kamar ana kaɗa ta a cikin kogo. Fedoji iri-iri ne, amma wadda ta haifi sana'ar haɗawa a gida ita ce mai sa kaushi da gurnani, wadda masu abin ke kira faz. Har yau da ita yawancin 'yan koyo suke fara koyon aikin lantarki.

Jitar lantarki ba ta da ƙara ta kanta. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a kansa, sai ya haifar da 'yar wuta da ba ta kai bolt 1 ba, tana hawa tana sauka daidai da kaɗawar. Aikin amfilifaya shi ne ya ƙara wa wannan igiya girma ba tare da ya taɓa siffarta ba. To amma kowace amfilifaya tana da iyakar da ba ta iya wucewa. Idan aka tura mata fiye da ƙarfinta, sai ƙololuwar igiyar ta daki rufi ta baje, kamar an sa almakashi an datse kanta. Datsewar nan tana haifar da wasu ƙananan sautuka a saman na asali, kuma tana sa ƙarar ta daɗe ba ta mutu ba. Injiniyoyin farko lahani suka ɗauki wannan, kuma sun yi shekaru suna yaƙi da shi.

Makaɗa ne suka ji daɗinsa. Tun a ƙarshen shekarun 1940 kamfanin DeArmond na jihar Ohio a Amurka ya fitar da wani akwati mai sa sauti rawa, ta hanyar girgiza ruwa a cikin ɗan gwangwani, amma shi kaushi ba a sayar da shi a kanti. Sai dai a same shi ta hanyar lalacewa. A 1951, a ɗakin ɗaukar sauti na Sam Phillips da ke Memphis, ƙungiyar Ike Turner ta ɗauki waƙar "Rocket 88" da amfilifayar da lasifikarta ta yage a hanya, aka cusa mata takarda aka ci gaba da aiki. Link Wray ya huhhuda tasa lasifikar da fensir don kiɗan "Rumble" na 1958, kiɗan da wasu gidajen rediyo suka ƙi sawa ko da yake babu kalma ko ɗaya a cikinsa. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar The Kinks a Ingila ya tsaga tasa da reza. Kunnen da ya saba da garaya ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ɗan ƙarfen nan mai zobba da ake maƙalawa a wuyanta don ya riƙa zuza tare da tsirkiya, aikinsa ke nan: ya ba wa sauti jiki, ya hana shi fita fayau.

Matsalar ita ce yagaggiyar lasifika ba ta komawa daidai idan waƙa ta ƙare. Abin da ake nema shi ne lalacewar da za a iya kunnawa a kuma kashe, kuma an same ta a Nashville. A 1960, ana ɗaukar waƙar Marty Robbins mai suna "Don't Worry", sai layi ɗaya na teburin haɗa sauti ya samu matsala, daidai layin da jitar bes ta Grady Martin take bi. Sautin ya fito yana gurnani. Aka bar shi a haka, waƙar ta fita a 1961 ta yi kasuwa, masu kiɗa suka dinga zuwa neman wannan muryar. Da layin ya ƙarasa mutuwa, injiniyan ɗakin, Glenn Snoddy, ya haɗa kai da Revis Hobbs, injiniya a gidan rediyon WSM, suka tsara 'yar da'irar lantarki mai taransisto uku da za ta kwaikwayi lahanin. Kamfanin Gibson ya karɓa, ya fitar da ita a 1962 da sunan Maestro FZ-1 Fuzz-Tone.

Da shekara 20 kafin nan ne, abin ba zai yiwu a ɗan akwati ba. Na'urorin wancan lokaci suna aiki ne da bawul, kwalbar nan mai zafi da ke buƙatar ɗaruruwan bolt. Taransisto, wanda aka ƙirƙira a ɗakunan bincike na Bell a 1947, ƙarami ne kamar ƙwayar wake, kuma batir ya ishe shi. FZ-1 da batir biyu masu bolt 1.5 take aiki. Batir mai kusurwa huɗu na bolt 9, da aka fito da shi a 1956 saboda ƙananan rediyoyi, shi ne daga baya ya zama abincin kusan kowace feda. Wannan ne babban dalilin da ya sa sana'ar ta karɓi ɗan koyo: amfilifaya mai bawul tana iya kashe mutum ko bayan an cire ta daga soket, amma wutar bolt 9 ba ta yi wa hannu komai.

Gibson bai gane abin da ke hannunsa ba. Ya tallata akwatin a matsayin abin da zai sa jita ta yi muryar kayan busa, dillalai suka ɗauki fiye da 5,000 a shekarar farko, kayan suka kwanta a kanti. Sai a watan Mayun 1965 Keith Richards na Rolling Stones ya yi amfani da shi a waƙar "Satisfaction". Shi ma niyyarsa ita ce ya riƙe wa masu busa wuri kafin a sa su daga baya. Aka saki waƙar a haka, kuma kafin shekarar ta ƙare kayan da suka kwanta sun ƙare.

Daga nan labarin ya koma Landan, inda kayan Amurka ke da tsada da wuyar samu. Wani matashin injiniya, Gary Hurst, ya ɗauki tsarin Maestro ya mai da shi kan bolt 9 don sautin ya ƙara daɗewa, ya kira shi Tone Bender. Na farko-farko a akwatin katako ya haɗa su, kafin a fara sayar da su da sunan Sola Sound ta kantin Macari. Jeff Beck da Jimmy Page sun yi aiki da su. A 1966 kamfanin Ivor Arbiter ya fitar da Fuzz Face, mai zagayayyen jiki irin gindin sandar makirufo. Jimi Hendrix ya sauka Landan a watan Satumba na wannan shekarar, ya ɗauke ta, kuma da ita ake tuna muryar jitarsa. Roger Mayer, wanda ke aikin binciken sauti a hukumar sojan ruwan Ingila, shi ne ke gyara masa kaya, shi ne kuma ya haɗa masa fedar Octavia da aka ji a "Purple Haze" a 1967. Wato tun daga tushe, sana'ar a hannun ɗaiɗaikun mutane take, kowa ya buɗe akwatin wani, ya sauya abu ɗaya ko biyu, ya sa wa nasa suna.

Fuzz Face ta cancanci a tsaya a kanta, domin babu da'irar da aka fi kwafa a wannan fage. Duk abin da ke cikinta taransisto biyu ne, rasisto huɗu, kafasito uku, da abin murɗawa biyu, ɗaya na yawan kaushi ɗaya na ƙara. Rasisto yana rage gudun wuta. Kafasito yana tare wutar batir ya bar igiyar sauti ta wuce, kuma girmansa ne ke yanke yawan kaurin da zai shiga. Taransisto na farko yana ɗaga sautin ya miƙa wa na biyu kai tsaye, na biyu ya ɗaga har ya daki rufi, sannan wani rasisto ya dawo da ɗan abin da ya fita zuwa ƙofar shiga, don su biyun su riƙe juna kada su zarce. Saboda ƙofarta tana jan wuta sosai daga jita, fedar da jitar kan zama kamar na'ura ɗaya. Idan makaɗi ya ɗan rage ƙarar jitarsa, gurnanin sai ya lafa, sautin ya fito garau. Idan ya murɗa sama, ya dawo. Shi ya sa ake sa ta a farkon layi, ba a bari wata feda ta shiga tsakaninta da jita. Da wuya a samu wani aikin lantarki da kaya 11 kacal suke ba da wannan yawan hali.

Sirrin da kuma ciwon kan duk suna cikin taransiston. Na farko da jamaniyam aka yi su, samfurin NKT275 na kamfanin Newmarket. Jamaniyam yana fara wucewar wuta tun daga wajen bolt 0.3, silikon kuwa sai 0.6 zuwa 0.7, kuma datsewar jamaniyam ta fi taushi a kunne. Amma masana'antun lokacin ba su iya fitar da biyu iri ɗaya ba. A kwali guda, wani zai ninka wuta sau 50, na kusa da shi sau 150, wani kuma yana yoyon wuta ko ba a taɓa shi ba. Don haka fedoji biyu da suka fito daga teburi ɗaya a rana ɗaya suna iya bambanta kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba, kuma makaɗa kan gwada da yawa kafin su zaɓi guda. Ga kuma zafi. Idan aka sa mita a kan taransiston jamaniyam aka riƙe shi da yatsa biyu, ana kallo lambar za ta fara hawa saboda ɗumin jiki kawai. Fedar da aka daidaita a sanyin Landan, idan ta sha ranar bazara irin ta Sakkwato ko Agadas, tana iya shaƙewa ta riƙa yankewa. A ƙarshen shekarun 1960 Arbiter ya koma silikon, irin su BC108, masu jure zafi amma masu kaifin murya.

Tun kasuwar tana sabuwa masu haɗa rediyo a gida suka ga cewa wannan aikin bai fi ƙarfinsu ba. Mujallu irin su Practical Electronics a Ingila da Popular Electronics a Amurka suna buga zanen da'ira da jerin kayan da za a saya. A Ingila an riga an sami Veroboard, allo mai ramuka da layukan tagulla a bayansa, wanda ya sa mutum zai iya haɗa da'ira ba tare da ya zuba sinadari ya zana allo ba. A Oklahoma, John Simonton ya kafa PAiA a ƙarshen shekarun 1960, yana aika kayan haɗi ta gidan waya. Littafin da ya tara wannan ilimi wuri ɗaya shi ne Electronic Projects for Musicians na Craig Anderton, da ya fito a 1975. Darajarsa ita ce ya ɗauki mai karatu a matsayin makaɗin da bai taɓa riƙe ƙarfen narka dalma ba, ya fara masa daga yadda ake karanta launukan jikin rasisto.

A shekarun 1970 abin ya zama masana'antu. Mike Matthews ya kafa Electro-Harmonix a New York a 1968, ya fara da LPB-1 mai taransisto ɗaya, sannan Big Muff mai huɗu. MXR, da aka kafa a Rochester a 1972, ta yi amfani da ɗan guntun amfilifaya mai lamba 741 da dayod biyu don datse igiya. A Japan, Boss ta fitar da ƙananan fedojinta a 1977, Ibanez kuma ta fitar da Tube Screamer a 1979, wadda Susumu Tamura ya tsara. Muryar faz ta iso Najeriya a wannan zamanin: ana jin ta ƙarara a faifan ƙungiyoyin Legas irin su BLO da Ofege, 'yan Ofege ɗin ɗaliban makarantar St Gregory ne da suka fitar da faifansu na farko a 1973.

Sai kasuwa ta juya. A shekarun 1980 manyan na'urorin dijital suka shigo, Electro-Harmonix ta durƙushe, tsofaffin akwatunan suka koma kayan gwanjo. Matasan da ba su da kuɗin sabon kaya ne suka kwashe su. Ƙungiyar Mudhoney ta Seattle ta sa wa faifanta na 1988 sunan fedoji biyu, Superfuzz Bigmuff, kuma cikin 'yan shekaru kayan gwanjon suka yi tsada. Matthews ya dawo yana ƙera Big Muff a Rasha da sunan Sovtek. A lokaci guda wasu suka fara haɗa tsofaffin da'irori da hannu, kaɗan-kaɗan, suna sayarwa da daraja: Mike Fuller da Fulltone a 1991, Zachary Vex da Fuzz Factory mai fentin hannu a 1995. Wanda ya fi suna shi ne Bill Finnegan, da ya fara sayar da Klon Centaur a 1994. Ya haɗa wajen 8,000 a cikin kimanin shekara 15, kuma ya riƙa zuba baƙin danko a kan allon don kada a kwafa. Bai hana ba. An kankare dankon, an zana da'irar, yau kuma tana cikin waɗanda ake haɗawa a gida, yayin da na asalin ake sayar da su dubban daloli. Doka ma ba ta cika tsaya wa mai ɓoyo ba: suna da tambari suna da kariya, amma haɗin rasisto da taransisto, in babu takardar mallakar ƙirƙira ko wa'adinta ya ƙare, na kowa ne.

Zuwan intanet ya kammala abin da mujallu suka fara. Jack Orman da R. G. Keen, tun tsakiyar shekarun 1990, sun baje zane-zane da bayani kyauta. Keen ya yi aikin da ya fi kowanne amfani ga ɗan koyo: ya warware Fuzz Face dalla-dalla, ya nuna yadda ake auna yoyon taransiston jamaniyam da ainihin ƙarfin ninkawarsa. Abin da ake ɗauka sa'a ce sai ya koma lissafi. Taransisto na farko ya ninka wajen sau 70, na biyu wajen sau 120, a kuma daidaita ƙafar fitar na biyun ta tsaya kusa da bolt 4.5, rabin batir. Manyan kamfanonin yau da dama daga irin wannan karatu suka taso. Jamie Stillman na EarthQuaker Devices a Akron da Josh Scott na JHS duk da gyaran fedarsu da ta lalace suka fara.

Teburin ɗan koyo na yau bai bambanta sosai da na Gary Hurst ba, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai gyaran rediyo zai gane kayan: ƙarfen narka dalma, zaren dalma, mita, ɗan filaya na yanke ƙafafu. Ana fara gwaji a kan allon roba mai ramuka, inda ake soka kaya a zare ba tare da liƙi ba. A nan ne ake koyon abin da littafi ba ya iya koyarwa. A cire kafasiton ƙofa a sa ƙarami, a kaɗa tsirkiya, a ji kaurin ya tafi. A mayar, ya dawo. Idan kunne ya gamsu, sai a koma allon tagulla. Ƙa'idar liƙi ita ce a ɗora bakin ƙarfen ya taɓa ƙafar kayan da tagullar tare, a ba su daƙiƙa biyu ko uku, sannan a kawo dalma ta narke a kansu, ba a kan ƙarfen ba. Liƙi mai kyau yana kwanciya kamar ɗan tsauni mai sheƙi. Wanda bai ji wuta ba yana dunƙulewa kamar ƙwallo, ya yi dishi-dishi, ya yi aiki yau gobe ya ƙi. Jamaniyam ba ya son zafi, don haka ake maƙala masa ɗan matsi na ƙarfe a ƙafa ya sha zafin, ko a liƙa masa mazauni a soka shi daga baya. Dalmar da aka saba da ita, kashi 60 kuza kashi 40 darma, tana narkewa kusa da digiri 190. Tun 2006 Tarayyar Turai ta taƙaita darma a kayan lantarki na kasuwa saboda gubarta, kuma mai aiki da ita a gida ya kamata ya buɗe taga ya kuma wanke hannu kafin cin abinci.

Feda ta farko ba kasafai take magana a kunnawar farko ba, kuma dalilan kusan ba sa sauyawa: an juya ƙafafun taransisto, an sa kafasito mai kai da gindi a birkice, ɗigon dalma ya haɗa layuka biyu, ko an musanya wayar shiga da ta fita. Akwai kuma tarkon da tarihi ya bari. Fuzz Face ta jamaniyam tana haɗa ɓangaren tarawa na batir da jikin akwati, saɓanin yawancin fedojin da suka biyo baya, don haka idan aka ba ta wuta daga caja ɗaya da sauran, wutar sai ta haɗe. Hanyar neman matsala ita ce a fara da mita, a auna bolt a kowace ƙafa a gwada da abin da ya kamata. Idan bai bayyana ba, sai a ɗauki waya a liƙa mata kafasito a baki, a haɗa ɗaya ƙarshen da amfilifaya, a riƙa taɓa da'irar mataki-mataki daga ƙofa. Inda sauti ya ɗauke, nan ɓarnar take. Bayan an gama, sai a huda akwatin alminiyam, galibi samfurin 1590B na kamfanin Hammond, a ɗaura maɓallin taku mai ƙafa tara, wanda ke kunna 'yar fitila ya kuma bar sautin jita ya wuce kai tsaye idan an kashe feda. Jikin ƙarfen yana kare da'irar daga zuzar wutar gida da kutsen tashoshin rediyo, waɗanda faz ke kamawa da sauƙi.

Abin da ya fi sauyawa a 'yan shekarun nan shi ne kayan haɗin kansu. Masana'antu sun koma ƙananan kaya marasa ƙafa da inji ke mannawa a fuskar allo, an kuma daina ƙera wasu taransistoci masu dogayen ƙafafu da masu aikin hannu suka dogara da su. Wasu ƙofofin kuma sun buɗe: guntun PT2399, da wani kamfanin Taiwan ya yi don na'urorin karaoke, ya sa ɗan koyo na iya haɗa fedar amsa kuwa da kuɗi kaɗan, ana kuma iya zana allo a kwamfuta a aika masana'anta a Sin ta buga guda biyar. Taransiston jamaniyam irin na da kuwa an daɗe da daina yin sa da yawa. NKT275 na gaske ya yi wuya, jabu sun cika kasuwa. Mafi yawan abin da ake amfani da shi yanzu ragowar kayan Tarayyar Sobiyet ne, masu lambar MP da GT, da waɗanda ake cirowa daga matattun rediyoyin shekarun 1960. Mai haɗawa kan sayi da yawa, ya auna su ɗaya bayan ɗaya a ɗaki mai matsakaicin zafi ba tare da ya taɓa su da yatsa ba, ya ware masu yoyo, ya haɗa sauran biyu-biyu.